Ƙaramin Malejin Mota da Amfaninsa ga Mai Lodin Shanu



Da yawa daga cikin rigingimun da ake kawowa gaban shugabannin kara tsakanin mai shanu da direba, in an bi su a hankali, a kan abu biyu suke tsayawa: man da mota ta sha, da hanyar da aka bi. Mai kaya ya ce kuɗin gazwal da ya bayar ya isa Ikko har da saura. Direba ya bugo waya daga Jebba ya ce tanki ya bushe, a aiko da ƙari, ga shanu tsaye cikin rana. Wannan ya rantse, wancan ya rantse, ƙarshe a raba asarar biyu, kowa ya tashi da ƙulli a zuci. Alhali kuwa a gaban direba akwai wasu ƴan lambobi da suka yi tafiyar tun daga wurin lodi har wurin saukewa, waɗanda da an tambaye su da an rage rantsuwa. A kansu nake son mu yi magana a wannan fitowa.

Duk wanda ya taɓa zama gidan gaba ya san agogon nan mai allura da ke nuna gudun mota, wanda direbobin Najeriya ke kira maleji, namu na nan kuma masu Faransanci a baki su ce kwantar. To, a cikin fuskarsa ko a ƙarƙashinsa akwai layin lambobi iri biyu. Na farko mai tsawo ne, lamba biyar ko shida ko ma fiye, shi ke tara dukan tafiyar da mota ta yi tun ranar da ta fito daga kamfani. Ba a yi shi don a taɓa ba. Na biyu gajere ne, galibi lamba huɗu, yana da ɗan maɓalli kusa da shi wanda in an danna ko an murɗa sai ya koma sifiri. Don sauƙin magana zan riƙa kiran na farko babban maleji, na biyu ƙaramin maleji. Lambar ƙarshe ta ƙaramin, wadda a tsofaffin motoci takan zo da launi daban, ba kilomita take ƙirgawa ba, kashi ɗaya cikin goma na kilomita ne, wato mita 100. Saboda haka in ka ga 2, 4, 7 da 5 a jere, ana nufin kilomita 247 da rabi. Na sha ganin mutum ya karanta irin wannan a matsayin 2,475 ya tayar da hankalin kowa.

Abu na farko da ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe shi ne, maleji bai san hanya ba, bai san gari ba. Juyawar taya kawai yake ƙirgawa. Tayar tirela irin mai lamba 315/80R22.5, in ta juya sau ɗaya tana cin ƙasa mita 3 da ƴan kai, ke nan kusan juyi 300 ke cika kilomita guda. Tayar ƙaramar mota kuwa kusan mita 2 take ci, sai ta juya wajen sau 500. Tun a kamfani aka auna girman tayar da motar za ta ɗauka, aka saita maleji a kansa: juyi kaza, kilomita ɗaya. Tafiyar Kano zuwa Ikko, da ta tasam ma kilomita 1,000, a wurin malejin tirela juyi wajen 300,000 ne, shi ke nan iyakar saninsa.

A tsofaffin motoci, irin su Mercedes 911 da Peugeot 504 da muka tashi muna lodi a cikinsu, aikin duk na ƙarfe ne. A bayan giyabos, wurin da sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya take fitowa, akwai wani ɗan giya ƙarami da ke juya wata waya mai lanƙwasa a cikin kwanso, ita ake kira kebul ɗin maleji. Kebul ɗin ya bi ta ƙarƙashin mota ya hau har bayan agogon. A can aikinsa biyu. Yana juya wani mayen ƙarfe da ke jan allurar gudu, yana kuma juya wasu ƙananan haƙora da ke tura ƴan gangunan lambobi. Kowace ganga an rubuta mata 0 zuwa 9. In ta dama ta kewaya sau ɗaya cif, sai ta tunkuɗa ta hagunta taki guda, kamar dai yadda dala goma-goma ke taruwa su zama ɗari. Gangunan ƙaramin maleji daban suke da na babba, shi ya sa ake iya maida su sifiri ba tare da an taɓa babban ba.

Tunda allura da lambobi kebul ɗaya ke ciyar da su, in ka shiga mota tana gudu ka ga allura kwance, to lambobin ma barci suke. Ko kebul ya tsinke, ko an zare shi. In kuma allura na motsi amma lambobi sun tsaya, matsalar a cikin agogon take, wani haƙori ya cinye. Wannan bambanci yana da kyau a sani kafin a zargi mutum.

Motocin yanzu, su DAF da MAN da Howo da Hilux na baya-bayan nan, ba su da kebul. An sa wata ƴar na'ura da makanikai ke kira sansa, a jikin giyabos ko kusa da taya. Akwai faifan ƙarfe mai haƙora da ke juyawa a gabanta, duk haƙorin da ya gifta sai ta aika da ɗan bugun lantarki ga kwamfutar mota. Kwamfuta ta tara bugun, ta maida shi kilomita, ta rubuta a gilashi. Hanya ta sake, amma lissafin bai sake ba, har yanzu juyi ake ƙirgawa. Abin da suka ƙara shi ne yawancinsu ƙaramin maleji biyu gare su, A da B. Dannawa ɗaya tana kai ka daga wannan zuwa wancan, in ka danne ka riƙe na ƴan daƙiƙu sai wanda ke kan gilashi ya goge. A lura da wani abu: a motoci da dama in an cire kan batir, A da B sukan goge da kansu, amma babban maleji yana nan daram. Don haka in mota ta kwana wurin mai gyaran waya a hanya, aka wayi gari ƙaramin maleji ya koma sifiri, ba lalle ne da gangan aka yi ba.

Manyan motocin da ake kawowa na hannu daga Turai kuma sukan zo da wata na'ura da ake kira takogiraf. Tsohuwar irinta faifan takarda ake sa mata, ta zana gudu da nisa da lokacin tsayawa. Daga 2006 sababbin motocin can suka koma mai kati. A nan ƙasashenmu yawanci ado ce kawai a gaban mota, ba mai sa mata takarda, amma lambar nisan da take nunawa tana aiki in ba a lalata ta ba.

Yanzu wuraren da maleji ke kuskure, don shaidar da ba ka san rauninta ba tana iya kayar da kai a gaban alƙali.

Na farko girman taya. In an cire tayar da kamfani ya tsara aka sa wadda ta fi ta girma, kowane juyi zai ci ƙasa fiye da abin da maleji ya sani, sai ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Taya ta fi ta asali da kashi 5 cikin 100, tafiyar kilomita 1,000 za ta fito wajen 950. In ƙaramar taya aka sa, sai ya yi ƙari. Ko taya ɗaya ce, tsakanin sabuntarta da lokacin da ta suɗe ta yi sanƙo ana iya samun bambancin kashi 2 ko 3 cikin 100 a babbar mota. Haka nan in makaniki ya ɗauko aksul na baya daga wata irin mota ya ɗaura, abin da ake yi kullum a garejinmu, lissafin da ke tsakanin giyabos da taya ya canza, maleji kuma ba wanda ya gaya masa. Sai rairayi da taɓo: taya na wulwulawa a wuri ɗaya, mota ba ta gusa ba, lambobi na hawa. Wanda ke shiga kasuwannin daji na arewacin Tahoua ko Tanout ya san ba a rasa irin wannan ƙari.

Na biyu, mil da kilomita. Motar da aka kawo daga Amurka, ko ƙaramar mota daga Ingila, sau da yawa da mil take ƙirga. Mack da yawa da ke yawo a titunan Najeriya haka suke. Mil guda kilomita 1.6 ne, ko a ce mil 5 kilomita 8. Hanyar kilomita 1,000 a irin wannan mota 620 da ɗoriya za ta nuna. Duba fuskar agogon: in manyan lambobin an rubuta musu mph, to mil ne. Wanda bai lura ba ya yi lissafin mai da wannan lamba zai ɗauka motar rijiya ce.

Na uku shi ya fi shafar mu masu dogon zango. Ƙaramin maleji mai lamba huɗu iyakarsa 999.9, daga nan sai ya koma sifiri ya sake farawa. Mota ta yi lodi a Maradi ko Damagaram ta nufi Ikko, tafiyar ta haura kilomita 1,000, a wurin saukewa sai ka tarar da 200 da wani abu. Ba a goge ba, ya kewayo ne. Wasu na zamani suna kai 9,999.9, amma kada a dogara. Maganin abin shi ne a rubuta babban maleji tare da ƙarami, a farko da ƙarshe. Ka cire lambar farko daga ta ƙarshe, abin da ya rage dole ya yi daidai da ƙaramin, in an lissafa da kewayon da ya yi. In sun saɓa, an danna maɓalli a hanya ko an cire batir.

Gwada gaskiyar malejin mota ba wuya. Manyan hanyoyinmu, kamar wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso, Ƙonni, Maradi zuwa Damagaram, suna da duwatsun kilomita a gefen kwalta, duk da wasu sun faɗi wasu rubutunsu ya goge. A goge ƙaramin maleji daidai wani dutse, a ƙirga har dutse na 50, a duba. In ya nuna 47, ka san motar tana rage kusan 6 a kowace 100, sai ka riƙa ƙara mata. Wayar hannu mai taswira ma tana wannan aiki, tunda ita da tauraron ɗan'adam take auna nisa, ba ruwanta da taya. Sau ɗaya ake gwajin, sai in an sake taya ko aksul.

To me direbobi ke yi da shi?

Babban aikinsa a wurinsu mai ne. Allurar tanki a motocinmu, in ba ta mutu ba, to ƙarya take yi, musamman in an ƙara tanki na biyu. Direban da ya san aikinsa yakan cika tanki, ya goge maleji, ya san cewa da wannan lodi cikon yana kai shi kilomita kaza. Idonsa na kan lambar, tun kafin ta kai ya fara neman gidan mai. A babbar mota mai gazwal ƙarewar mai ba ƙaramin abu ba ne, don iska na shiga bututu, sai an tsaya an fitar da ita kafin inji ya tashi. Awa ɗaya ko biyu ke nan a bakin hanya, da dabbobi a baya.

Masu A da B sukan bar A don mai, B kuma don juyen baƙin mai: ranar da aka yi juye a goge B, a bar shi yana tarawa har ya kai adadin da makaniki ya yanka. Wasu kuma B suke bar wa tafiyar gaba ɗaya, zuwa da dawowa, don lissafinsu da mai mota.

Akwai kwatance. A daji inda ba allo ba gari, ana ce wa direba: daga inda ka sauka kwalta ka goge maleji, in ka ci kilomita 18 za ka ga hanya ta rabu, ka ɗauki ta dama, a kilomita 31 rijiya, rugar na bayanta. Wannan ya fi a ce masa "in ka ɗan taɓa tafiya za ka ga wata bishiya". Haka in mota ta lalace. Direban da ya saba goge maleji, ko ya riƙa lura da lambar a kowane babban gari, yana iya cewa a waya muna kilomita kaza bayan Mokwa ta wajen Jebba. Mai kawo kayan gyara ko motar da za a juye mata shanu ta san inda ta dosa kai tsaye. Masu kora a ƙasa ma suna amfana: kafin garke ya tashi a aika yaro da babur ko Hilux ya auno nisan da ke tsakanin mashaya da mashaya, a san ko zangon yini ɗaya ne ko sai an kwana.

Har ma a sha'anin salla yana shigowa. Littattafanmu na Malikiyya sun sa nisan da ake kasaru a kansa barid 4, wato mil 48, kuma wannan mil na fiƙihu ne, ya ɗan fi na Turawa tsawo. Malamai na wannan zamani sukan ƙiyasta shi da kilomita 80 da ƴan kai. Fatake da yawa da malejin mota suka san cewa kasuwa kaza ta kai nisan, kasuwa kaza ba ta kai ba. Sauran sharuɗɗan kuwa a tambayi malamai, ni dillalin shanu ne.

Mu dawo kan mai, don nan kuɗinmu yake. Hanyar auna shan mota guda ce. A cika tanki har wuya, a wuri mai daidaito, in tanki biyu ne a cika duka. A goge ƙaramin maleji. Duk man da aka ƙara a hanya a rubuta litarsa, har da na jarka da aka saya wurin ƴan bumburutu. A ƙarshen tafiya a sake cikawa har wuyan nan na farko. Jimillar litar da aka zuba bayan cikon farko ita ce abin da mota ta sha. Sai a raba lita da kilomita, a ninka sau 100. Misali mota ta ci kilomita 800, ta sha lita 304. Ka raba 304 da 800, ka ninka da 100, ya ba ka 38. Wato lita 38 a kowace kilomita 100. Wannan misali ne kawai na lissafi, kowace mota da nata cikin.

In ka san wannan lamba, ciniki ya sauya. Hanya kilomita 1,000 ce, mota na shan 38, ka san lita 380 ake magana, a ɗora ɗan abin tsaro a kai. Mu ƙaddara wata tafiyar lissafi ya fito 43 maimakon 38. Lita 5 a ɗari ba ta da yawa a kunne, amma a kilomita 1,000 lita 50 ce. In mun sa lita a sefa 600 don sauƙin lissafi, jaka 30 ke nan. Raba wa shanu 30, kowane sa ya ɗauki jaka guda. Wanda ke lodi sau uku a wata ya lissafa abin da ke zuba a shekara. A kasuwar da wani lokaci ribar kai ɗaya ba ta taka kara ta karya ba, wannan ba abin rainawa ba ne.

Amma a nan nake jan kunnen ƴan'uwana masu kaya. Hawan lambar ba ya nufin an sha mai da tiyo. Mota mai lodi ta fi marar lodi sha nesa ba kusa ba, kada a gwada zuwa da dawowa. Hanya mai hawa da gangara ta fi shimfiɗaɗɗiya ci. Ramuka da ke sa a yini a ƙaramin giya, iskar taya da ta ragu, matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, nozul da ya gaji, birki da ke kamawa, mai da aka gauraya da kananzir, kowannensu yana ƙara sha. Ga kuma babban abin da maleji ba ya gani sam: tsayuwa da inji a kunne. Babban inji yana cin lita 2 zuwa 3 ko fiye a awa ko da mota ba ta motsa ba, kuma direbobi da yawa ba sa yarda su kashe a shinge ko cikin cunkoso don tsoron batir ko sitata. Awa goma na irin wannan tsayuwa jarka ce guda ta tafi, kilomita ko ɗaya bai ƙaru ba. Don haka tafiya ɗaya ba ta isa hujja. Sai an tara uku ko huɗu a mota ɗaya, hanya ɗaya, lodi mai kama da juna, sannan a ga wadda ta fita daban, a tambaya cikin mutunci. Sau da yawa ma mai mota ne zai gode, don lissafin ya nuna masa ciwon da ke cikin injinsa tun bai kwantar da motar ba. Direban kirki kuma shi ya fi kowa riba, don takarda ta wanke shi daga zargin da a da sai dai ya haɗiye.

Batun hanya ma haka. Daga Kaduna zuwa Kurmi akwai mai bi ta Birnin Gwari da Tegina ya faɗa Mokwa, ya haye gadar Jebba zuwa Ilori, Ogbomosho, Oyo da Badun. Akwai mai bi ta wajen Suleja da Bida ya fito Mokwa. Akwai mai zagayawa ta Abuja, Lokoja da Okene. Nisansu ba ɗaya ba ne, kuma rashin tsaro da lalacewar hanya sun sa an yi shekaru direbobi da yawa na kauce wa ta Birnin Gwari. Wanda ya ba da kuɗin mai a kan lissafin gajeriyar hanya, direba kuma ya bi doguwa don tsira da rai da dukiya, dole mai ya yanke. Ƙaramin maleji ba zai faɗi garuruwan da aka ratsa ba, amma in ka san nisan kowace hanya, lambar kaɗai ta isa ta nuna maka wadda aka bi. In kuma ta zarce dukansu da kilomita 100 ko 150, to an yi ratse, sai a ji dalili.

Rufe iyakoki ya ƙara koya mana wannan. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin Yuli na 2023 a nan Nijar aka sake rufewa, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. A waɗannan lokuta hanyoyin da kowa ya haddace, Dan Isa zuwa Jibiya, Ƙonni zuwa Illela, Magarya zuwa Ɓaɓura, ba su biyu yadda aka saba ba, kuma duk lissafin da mutum ya gada na "mai kaza ke kai ka wuri kaza" ya rushe. Wanda ya san shan motarsa a kilomita 100 bai sha wahalar sake lissafi ba, nisan sabuwar hanya kawai ya nema.

Sai dai fa ita saniya ba kilomita take ƙirgawa ba, awa take ƙirgawa. Tun daga lokacin da aka ɗaure ta a mota ba ci ba sha, tana tsaye tana jijjiga, jikinta na zubewa. Wadda ta faɗi aka tattake ta, in ba a kai ga wuƙa ba ta zama mushe, in an kai kuwa an sayar da nama a farashin da mahaucin bakin hanya ya ga dama. A ƙasashen Tarayyar Turai dokarsu ta 2005 ta ce manyan shanu ba za su wuce awa 14 a mota ba sai an tsaya aƙalla awa guda an ba su ruwa, sannan a ƙara wata 14, daga nan a sauke su su huta awa 24. Direbansu ma bayan tuƙin awa 4 da rabi sai ya huta minti 45. Mu ba mu da wuraren saukewa irin nasu a hanya, amma lambobin sun nuna inda masana dabbobi suka ga jiki na fara gazawa. Shi ya sa nake ganin rubuta maleji ba tare da rubuta lokaci ba rabin aiki ne. In ka haɗa su biyu sai wani abu ya fito. Mota ta ci kilomita 1,000 cikin awa 40, ka raba, ya ba ka 25 a awa. Tirelar da ke iya riƙe 50 ko 60 a kwalta mai kyau, ina sauran awoyin suka tafi? Shinge nawa, gyara nawa, barci nawa? In mambobi ashirin suka kawo irin wannan takarda a kan hanya ɗaya, ƙungiya ta samu abin da za ta ajiye a teburin hukuma in ana maganar yawan shingaye, maimakon kukan baki da aka saba ji a watsar.

Ga mai niyyar sayen mota ta hannu, kalma ɗaya. Ƙaramin maleji ba ya faɗin shekarun mota. Babban ne ke faɗi, shi ma ana murɗa shi baya, na ƙarfe da hannu, na zamani da kwamfuta. Ka dubi cinyewar feda da sitiyari da kujerar direba, ka sa makaniki ya saurari inji. Abin da ƙaramin zai yi maka a ranar gwaji shi ne ka goge shi, ka yi kilomita goma da ka san nisansu, ka ga ko yana ƙirga daidai, kuma ko babban ya ƙaru da goman nan.

Abin da nake ba da shawara a aikace ba ya buƙatar ilimin boko mai zurfi. Ƙaramin littafi, ko da ajami mutum ke rubutu. A wurin lodi, bayan an cika tanki, a rubuta rana da awa, lambar babban maleji, a goge ƙarami a gaban mai kaya ko wakilinsa, a rubuta yawan shanu da hanyar da aka yi shawarar bi. Yaron da ke rakiyar kaya ya riƙe littafin, duk inda aka sha mai ya sa lita da lambar maleji, duk inda aka tsaya fiye da rabin awa ya sa wuri da dalili. A wurin saukewa a sake rubuta awa da lambobin biyu. Mai wayar hoto ya ɗauki fuskar agogon a farko da ƙarshe ya tura, an huta da gardama.

Kuma a yi maganar tun wurin cinikin mota, a gaban ɗan kamasho, kada sai an gama lodi a tsiro da ita. Gidan gaba ɗakin direba ne. Ba daidai ba ne yaron mai kaya ya miƙa hannu ya danna maɓalli ba izini, wataƙila ma ya goge B da direba ke tara lissafin juyensa wata guda. A ce, Malam direba, don Allah a goge mana A mu rubuta. In ya ce malejin motar ya mutu, ba abin faɗa ba ne, sai a koma ga taswirar waya don nisa, a riƙe lissafin lita da awa yadda aka tsara, a kuma gaya wa mai motar ya gyara kafin lodi na gaba. A tsohuwar mota sau da yawa kebul ne kawai, kuɗinsa bai kai na jarkar gazwal ɗaya ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa. Wassalam.